Me ya sa kyanwa ba ta son ganin ƙofa a rufe?

Duk mai kiwon kyanwa a gida mai ƙofofi ya san wannan rigimar. Da zarar an ja ƙofar ɗaki an rufe, sai kuka ya tashi daga waje. Can sai yakushi, can sai a ga hannu ɗaya ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar yana lalube. In an gaji an tashi an buɗe mata, sau da yawa ba ma za ta shigo ba. Za ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa, ta shinshina, ta juya ta yi tafiyarta. In kuwa ta shigo aka mayar da ƙofar aka rufe, ba a yin minti biyar sai ta koma tana kukan a buɗe mata ta fita.

A bidiyon TikTok abin dariya ne. Da ƙarfe uku na dare, ga wanda zai yi sammakon zuwa aiki, ba abin dariya ba ne. Kuma sau da yawa kyanwar ce ke kwana a ciki: a watsa mata ruwa, a jefe ta da takalmi, ko a wayi gari an saka ta a buhu an kai ta wata unguwa an yar. Wasu kuma da sun ji tana kuka a bakin ƙofa cikin dare, musamman in baƙa ce, sai zance ya koma na mayu da aljanu, a ce tana ganin abin da mutane ba sa gani. Ga ƴan Nijar mazauna Turai da Amurka matsalar tana da wata fuska: maƙwabci ya kai ƙara saboda hayaniya, ko mai gida ya cire kuɗin gyaran ƙofar da aka kankare daga kuɗin ajiyar haya.

Masu nazarin ɗabi'ar dabbobi sun daɗe suna bin diddigin wannan hali, kuma abin da suka gano bai da alaƙa da iskanci ko taurin kai. Abin da kyanwa take nema ba lalle ne shiga ɗakin ba. Abin da take nema shi ne hanyar ta kasance a buɗe.

Gidan ne ya sauya, ba kyanwar ba

Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, me ya sa kakanni ba su san wannan matsala ba, alhali kyanwa, ko mage, ko mussa kamar yadda ake ce mata a wasu yankunan, ta daɗe a gidajen Hausawa? Amsar tana cikin ginin kansa. A gidan gargajiya na Maraɗi ko na tsohuwar unguwar Birni a Damagaram, rayuwa a tsakar gida ake yin ta. Da rana labule ko asabari ne a bakin ɗaki, a karkara kuma tufaniya. Ko an kulle ƙofar zaure da dare, akwai rariya a gindin katanga, akwai katangar kanta, akwai rufin ɗaki da reshen bedi da ya tsallaka gidan maƙwabta. Babu inda kyanwa za ta so zuwa ta kasa. Ba a ma cika ɗaukar ta a matsayin dabbar da aka mallaka ba: tana nan dai, tana gadin rumbu da buhunan hatsi, ana zuba mata sauran tuwo ko ƙashin kifi, in ta ga dama ta ɓace kwana biyu ta dawo.

Addini ma a haka ya san ta. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da malaman wannan yanki suke riƙo da shi, akwai hadisin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, sannan ya bayyana cewa Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Wato an sanya ta a sahun yara da masu hidima, waɗanda ke shiga su fita ba tare da an tsaya yi musu iso kowane lokaci ba.

Gidan birni na yau wani abu ne dabam. Ɗaki da falo ne na haya, ko gida mai ƙofar ƙarfe a kowane lungu, da tagogi masu raga. Kuma kowace ƙofa tana da dalilin rufe ta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai da Tawa, wanda ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ba zai bar ƙofa a buɗe ba yana kallon kuɗin lantarki na tafiya. Da damina sauro ne, da hunturu ƙura ce, kullum kuma akwai tsoron ɓarawo. A ƙasashen waje abin ya fi tsanani, domin kyanwar da ke hawa na biyar a wani bene a Faransa ko Beljiyam tana iya ƙare rayuwarta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Dabbar da aka sani da kai da kawo ita ce aka wayi gari an yanka mata gida gunduwa-gunduwa.

Ƙasarta ce aka raba biyu

Kyanwar gida jikar kyanwar dajin Afirka ce, wadda masana ke kira Felis lybica. Wani bincike da Carlos Driscoll da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, bayan sun gwada ƙwayoyin halittar kyanwoyi kusan 1,000, ya nuna cewa daga wannan jinsi duk kyanwoyin gida na duniya suka fito. Ita wannan kyanwar dajin har yau tana rayuwa a yankin Sahel, kuma wanda ya gan ta daga nesa zai ɗauka ta gida ce mai dogayen ƙafafu.

Halinta shi ne mabuɗin zancen. Ba ta farauta a garke kamar kare ko zaki. Ita kaɗai take neman abincinta, a cikin wani yanki da ta sani ciki da waje: inda ɓera ke fitowa, inda ruwa yake, inda za ta ɓuya. Ga shi kuma ƙaramar dabba ce, tana farauta ana farautarta. Dila, kura da manyan tsuntsaye duk suna iya yin kalaci da ita. Dabbar da ke cikin wannan hali, sanin abin da ke bayan kowane lungu da sanin ta inda za ta gudu ba sha'awa ba ce, rayuwa ce.

Kyanwar gida ta gaji wannan ɗabi'a kusan ba tare da ragi ba. Tana zagaya yankinta sau da yawa a rana, tana goga kumatunta a ƙafar kujera, da kusurwar bango, da gefen ƙofa. Ba wasa take yi ba: akwai wasu ƙananan gurabe a kumatunta da haɓarta da tafin ƙafarta da ke fitar da wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, shi take shafawa. Wannan ƙamshin yana gushewa, don haka sai an riƙa sabunta shi. Ɗakin da ta shafa wa alama jiya, aka rufe shi yau, a wurinta wani sashe ne na ƙasarta da aka datse ba tare da bayani ba. Yakushin da take yi wa ƙofar ma yana da aiki biyu: ƙoƙarin buɗewa ne, kuma sa hannu ne, domin farcen yana barin shaida ga ido, tafin ƙafar yana barin shaida ga hanci.

Yankin nata ba wani babba ba ne. A 2020 Roland Kays na jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya jagoranci wani aiki da aka rataya wa kyanwoyi 925 na ƙasashe shida na'urar bin sawu, aka ga akasarinsu ba sa yin nisan da ya wuce mita 100 daga gidajensu. To in har mai ƴancin fita ma iyakarta ke nan, wadda ke kulle a ɗaki biyu da falo, rufe mata ɗaki ɗaya daidai yake da ƙwace kashi ɗaya cikin uku na duniyarta.

Sannan ƙofa tana tare ido ne kawai, ba ta tare kunne da hanci. Kunnen mutum yana tsayawa a sautin da bai wuce hertz 20,000 ba, na kyanwa yana haura 60,000, shi ya sa take jin tsuwwar ɓera a cikin rufi alhali mai gida bai ji komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya warware zancen cewa tana ganin aljanu. Lalle tana jin abin da mutane ba sa ji, amma yawanci ɓera ne, ko jaba, ko ƙadangare a bayan kabad, ko muzurun maƙwabta da ya bi ta kan katanga. Tana jin motsi, tana jin wari, an kuma hana ta zuwa ta tabbatar. Da zarar an buɗe ta leƙa ta ga babu komai, buƙata ta biya. Abin da mai gida ke kallo a matsayin rainin hankali, wato a buɗe mata ta ƙi shiga, a wurinta aiki ne ya kammala.

Ta san wanda ke ciki

Akwai kuma dalili na biyu, wanda mutane da dama ba sa son yarda da shi saboda an riga an yi wa kyanwa shaidar butulci: tana son mutanenta. A 2019 Kristyn Vitale da abokan aikinta a jami'ar jihar Oregon sun yi wa kyanwoyi irin gwajin da ake yi wa jarirai. Ana shigar da kyanwa baƙon ɗaki tare da mai ita na minti biyu, sai ya fita ya bar ta minti biyu, sannan ya dawo. Kusan kashi 65 cikin ɗari sun nuna abin da masana ke kira shaƙuwa mai natsuwa: sun damu da ya fita, da ya dawo suka je gare shi, hankalinsu ya kwanta, suka ci gaba da zagaya ɗakin. Adadin ya yi kusan daidai da wanda ake samu a ƴaƴan mutane. Shekara biyu kafin nan, masu binciken sun ba kyanwoyi zaɓi tsakanin abinci, abin wasa, ƙamshi da hulɗa da mutum, kuma rabinsu suka fifita mutum a kan komai, har da abincin.

A Japan kuma, Saho Takagi ta jami'ar Kyoto ta nuna a 2021 cewa kyanwa tana riƙe da taswirar inda mai ita yake ko ba ta ganin shi. An sa mata muryar mai ita daga lasifika a wajen ɗaki, nan take aka sake sa muryar daga wani wuri dabam a cikin ɗakin. Kyanwoyin sun nuna alamun mamaki, kamar masu tambayar yaya aka yi mutum ya tsallako haka. Ma'ana, wadda ke zaune a bakin ƙofar makewayi tana kuka ta san sarai wanda ke ciki.

Shi kansa kukan, domin mutane aka tanade shi. Manyan kyanwoyi ba su cika yi wa juna miyau-miyau ba. Tsakaninsu ƙamshi ne, da yanayin jiki, da gurnani in faɗa ya tashi. Kukan na ƴaƴa ne ga uwa, sai kyanwar gida ta riƙe shi har girma ta mayar da shi kan ɗan Adam. Nicholas Nicastro na jami'ar Cornell ya kwatanta kukan ta gida da na ta daji a 2004, ya tarar na ta gida ya fi gajarta da siranta, kuma masu saurare sun ce ya fi daɗi a kunne. An yi dubban shekaru ana gyara wannan murya don ta motsa mutum daga inda yake zaune.

A wasu kyanwoyin abin yana wuce misali. Wani bincike da aka yi a Burazil a 2020 kan kyanwoyi 223 ya samu kusan kashi 13 cikin ɗari da ke nuna matsala in an bar su su kaɗai: ɓarna, kuka ba ƙaƙƙautawa, fitsari a inda bai dace ba. Waɗanda ba su da abin wasa, ko waɗanda ake bari su kaɗai tsawon sa'o'i, sun fi yawa a cikinsu. Wannan shi ne yanayin ɗalibi ko ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da dare, sannan ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Dabbar ta yini tana jira, ga shi ya dawo, ga shi kuma an sake raba su.

Wa ya koya wa wani?

Ɗabi'a ita ke sa ta fara kukan. Amma abin da ke sa kukan ya zama na kullum, ya yi tsawo, ya yi ƙarfi, yawanci mai gidan ne da kansa.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na ilimin koyo a duniya a kan kyanwa da rufaffiyar ƙofa aka yi shi. A 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya riƙa saka kyanwoyi masu jin yunwa a cikin akwatuna, ya ajiye abinci a waje. Ƙofar akwatin tana buɗewa ne in an ja wata igiya ko an taka wani katako. Da farko kyanwa takan yi ta yakushi da cizo da tura kai ko'ina, har ta dace da abin bisa tsautsayi. Ana maimaitawa, lokacin yana raguwa, har ta kai ga ana saka ta take zuwa kai tsaye ta ja igiyar. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa a jami'o'i: duk aikin da ya haifar da sakamako mai daɗi, za a maimaita shi.

A gida, mai kyanwar shi ne igiyar. Ta yi kuka, ƙofa ta buɗe. Darasi ya zauna. Mafi muni kuma shi ne abin da kusan kowa ke yi: yau a buɗe nan take, gobe a daure minti goma sannan a buɗe, jibi a yi rantsuwa ba za a tashi ba, a yi rabin sa'a, a ƙarshe dai a tashi. Masana halayya tun zamanin B. F. Skinner sun nuna cewa ladan da ke zuwa wani lokaci ya ƙi zuwa wani lokaci ya fi kama zuciya fiye da wanda ke zuwa kullum. Shi ne sirrin da ke riƙe ɗan caca, shi ke sa mai buga PMU ya koma gobe duk da ya faɗi yau. Wanda ya daure rabin sa'a sannan ya buɗe bai koya mata haƙuri ba, ya koya mata cewa rabin sa'a ne farashin.

Tsawa ma lada ce. Ga dabbar da ke neman a kula ta, jin muryar mai ita daga bayan ƙofa, ko da zagi ne, amsa ce. Duka da watsa ruwa kuwa ba sa koya mata cewa kukan ne laifi, sai dai su koya mata cewa wannan mutumin abin tsoro ne, kuma kyanwar da ke cikin fargaba ta fi kuka da fitsari a kan katifa.

Lokacin ma ba tsautsayi ba ne. Kyanwa tana barcin sa'o'i 12 zuwa 16 a rana, har Hausawa suka yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, amma ƙarfinta yana tashi ne da magariba da kuma gab da asuba, lokacin da ɓeraye ke fitowa. A gidan da ake tashi sallar asuba, in aka saba zuba mata abinci da an buɗe ƙofa, za ta fara matso da lokacin da kanta. Watan azumi yakan ƙara dagula lissafi: kwana 29 ko 30 ana buɗe ƙofa da ƙarfe huɗu, ana motsi a madafa, ana jefa mata ɗan nama. Salla ta wuce, mutanen gida sun koma barcinsu, ita kuwa ba wanda ya gaya mata an ga wata.

In ba ƙofar ba ce matsalar

Kafin a ɗora wa hali laifi, akwai kukan da ke nufin wani abu dabam, kuma a nan ne kuskure ke da tsada.

Macen da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba tana iya fara neman namiji tun tana wata huɗu zuwa shida. Kukanta a lokacin dogo ne mai kama da na jariri, tana birgima, tana ɗaga gindi, tana neman ƙofar waje ido rufe. Yakan ɗauki kusan mako, ya lafa, ya dawo bayan mako biyu ko uku in ba ta samu ciki ba. In ta samu, bayan kwana 63 zuwa 65 gida ya cika da ƴaƴa. Muzuru kuma yana jin warin mace daga nesa, ya yi ta kuka da fesa fitsari a jikin ƙofa. Babu horon da ke maganin wannan, sai aikin likitan dabbobi. A Beljiyam ma doka ce ta wajabta yi wa kyanwoyi wannan aikin.

Muzurun da ke kai da kawo yana kuka, yana tsugunawa fitsari ba ya fita ko yana ɗigowa da jini, wannan ba rigimar ƙofa ba ce. Mafitsararsa ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku in ba a kai shi asibiti ba. Tsohuwar kyanwa da ta haura shekara goma, ta fara kuka cikin dare ba gaira ba dalili, tana iya kasancewa da hawan jini, ko cutar maƙoƙo da ke sa ta ci da yawa tana ramewa, ko kurumta, ko ruɗewar tsufa. Duk halin da ya sauya dare ɗaya a dabbar da a da ba ta yi, likita ya kamata ya fara gani. Kuma kada tausayi ya sa a ba ta maganin mutane: ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Wani lokacin kuma abin da take nema yana bayan ƙofar ne kawai: ruwan sha, ko akwatin yashin da take bayan gida, ko wuri mai sanyi. A tsakiyar bazara, kyanwar da aka bari a falo mai rufin kwano tana jin iska mai sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwana, ba sai an nemi masani ya fassara kukanta ba.

Ƙofofin da dole a rufe

Mafita mafi sauƙi ita ce wadda mutane suka fi ƙi: a bar ƙofar a ɗan buɗe. Faɗin tafin hannu ya isa. Sai dai a tokare ta da wani abu mai nauyi, domin iskar hadari tana buga ƙofar ƙarfe da ƙarfin da zai karya wutsiya ko ƙafa. Da yawa daga cikin kyanwoyin da ke tayar da hankali a bakin rufaffiyar ƙofa, in aka bar ta a buɗe ba sa ma kwana a ɗakin.

Amma akwai ƙofofin da ba a sasantawa a kansu. Ɗakin da jariri ke barci. Ɗakin da aka fesa maganin sauro, domin sinadarin fametirin da danginsa, da ke cikin magungunan ƙwari da dama, guba ne ga kyanwa fiye da yadda yake ga kare ko mutum. Wurin da aka zuba maganin ɓera. A Turai kuma akwai tagar nan da ake karkatowa ta buɗe ta sama kawai: kyanwa takan yi ƙoƙarin bi ta wurin, ta zame ta maƙale a tsakiya, kuma likitocin dabbobi na can sun san raunin da take jawowa sarai. Haka barandar bene marar raga.

Ga irin waɗannan, ƙa'idar Thorndike ɗin ce za a juya. Ƙofar da za ta kasance a rufe, ta kasance a rufe kullum, tun ranar da aka kawo kyanwar; ɗakin da ba ta taɓa shafa wa alama ba bai cika damunta ba. In kuwa ta riga ta saba, ana farawa ne da rana, ba da dare ba: a rufe na ƴan daƙiƙoƙi, a buɗe tun kafin ta yi kuka, a ba ta ɗan abin daɗi, a riƙa ƙara lokacin sannu a hankali. Ba a buɗewa tana cikin kuka, sai ta yi shiru ko na ɗan lokaci ne. Kuma a shirya wa abin da zai biyo baya: ranakun farko kukan ƙaruwa zai yi, kamar yadda mutum ke ƙara danna makunnin fitilar da ta ƙi kamawa kafin ya haƙura. Yawancin mutane a nan suke karaya, su buɗe, su koma baya fiye da inda suka fara. Dole kuma duk mutanen gidan su zama baki ɗaya, domin ƙaramin yaro guda mai tausayi ya isa ya rushe aikin mako biyu.

Sauran aikin a wajen ƙofar yake. Wasa na minti goma ko sha biyar kafin a kwanta, da igiya ko gashin kaza a bakin sanda, har ta gaji, sannan a ba ta abincin dare: farauta, ci, lasar jiki, barci, haka tsarinta yake tun a daji. A sama mata wuri mai tudu da za ta hau ta ga ɗaki duka, da kwali da za ta ɓuya, da guntun icce da aka naɗe da igiya don yakushi, a ajiye shi kusa da ƙofar da take kankara. Ruwa da akwatin yashi su kasance a ɓangaren da take, kuma nesa da juna. A nan mazauna Nijar sun fi na waje sa'a, domin yashin da ake saye da tsada a kantunan Turai, a Tawa shara ake yi da shi.

Ga mazauna Faransa, dokar 9 ga Yulin 1970 ta hana mai gida ya haramta wa ɗan haya ajiye dabbar gida, amma da sharaɗin kada ta yi ɓarna a ginin ko ta dami maƙwabta, kuma kukan dare da kankarar ƙofa sun taɓa sharuɗɗan biyu. Sannan akwai batun tafiya hutu gida. Kulle kyanwa a ɗaki da tulin abinci a tafi mako biyu yana iya zama laifi a dokokin can, kuma Musulmi bai buƙatar dokar Turawa ta gaya masa: hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, yana cikin Buhari da Muslim.

Wanda gidan nasa ne yana da wata dabarar da ta girmi duk waɗannan binciken: ƴar ƙofa a jikin ƙofa. A babbar majami'ar garin Exeter a Ingila akwai tsohuwar ƙofa mai rami a ƙasanta da aka huda domin kyanwa, kuma takardun majami'ar na ƙarni na 15 sun nuna ana ware kuɗin abincinta kowane mako saboda aikin kama ɓera. Kowane mai walda a Maraɗi ko Damagaram zai iya yanka rami mai faɗin santimita 15 zuwa 20 a ƙasan ƙofar ƙarfe, ya goge bakin don kada ya yanke ta, ya rataya masa marfin roba mai lilo da zai tare sauro da sanyin na'ura. Kwanakin farko ana ɗaure marfin a sama har ta saba bi, sannan a sake shi. In ramin na ƙofar waje ne, a yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare tukuna, a kuma sa masa sakata ta ciki, domin muzurun maƙwabta ma zai gano shi cikin mako guda.